Bam a Kabarin Dangi

Da aka buɗe ɗakin kabarin danginsu a Okinawa don a ajiye tokar gawar kawunta da aka ƙone, sai ta hango wani bam kwance bayan tulunan ƙasusuwan kakanni, duk ya yi tsatsa. Shekara goma tana aikin kwance bam, kallo ɗaya ta gane irinsa: mai taurin kai ne, wanda aka ƙera ya huda dutse tukuna, sannan ya tashi daga ciki. Hudawar ya yi, tashin ne bai yi ba.

Aka kwashe kowa, amma kakarta ta kafe a bakin ƙofa.

"Haba Kaka, ki tafi mana! Abin nan fa da ransa."

"Ni za ki gaya wa? Ina 'yar shekara shida muka ɓuya a nan lokacin yaƙi. Ya faso rufi, ya faɗi dab da ƙafata. Muka yi shiru da bakinmu, kada a zo cire shi a rusa mana kabarin kakanni."

Ta sa aka janye tsohuwar. Jikar ta daɗe tana kallon hannayenta, waɗanda saura ƙiris da ba a haife su ba, sannan ta durƙusa gaban bam ɗin.

"Shekara tamanin ka yi mana haƙuri," ta ce. "Ƙara min awa ɗaya."