Jan Fenti a Ƙafar Ɗakin Baba

Tun da ruwa ya zauna a Auyo ya ƙi komawa, kowa a kwantena yake kwana, kan ƙafafun ƙarfe da ake murɗawa su yi sama. Da hantsi mai shela ya wuce a kwalekwale: kowa ya ƙara kamu ɗaya kafin azahar.

Tanimu ya fara da ɗakin mahaifinsa, don a gidansu ɗakin ɗa ba ya fin na uba tsawo. Murɗawa uku ya yi, sai jan fenti, alamar iyaka, ya leƙo a jikin ƙarfen, ƙafar ta cije.

Matarsa Lantana ta leƙo daga ƙofarsu da goyo a baya. "Malam, namu fa? Ƙafafunmu da saura."

"Ki dakata tukuna."

"Ruwan zai dakata?"

Baba ya turo kai ta taga. "Tanimu, na ji ƙarfen ya yi shiru."

"Tsatsa ce, Baba."

"Ni na shafa fentin nan kana rarrafe. Je ka ɗaga naka."

"To ka dawo wurinmu mana."

"In kwana ɗaki ɗaya da surukata? A ina ka taɓa gani?"

Tanimu ya murɗa nasu, bai ɗago kai ba. Da azahar Lantana ta miƙa wa Baba tuwo daga ƙofarsu, ta durƙusa yadda ta saba. Amma ko a durƙushe, tsakiyar hularsa take hangowa, ruwa kuma yana lasar dokin ƙofarsa.