Nonon da Luba Ta Sha

"Mayya! Sai ta tsallaka shi ta saki kurwarsa!"

Luba ta sauke tulunta. A ƙofar gidan Alkasim maƙeri, rabin mutanen garin Burumburum sun kewaye Gwaggo Baraka, baƙuwar tsohuwar nan mai sayar da daddawa. Ɗan Alkasim na kwance magashiyyan, an ce ita ta kama shi. Dagaci kuwa ya tafi Tudun Wada tarbar Di'o, Baturen mulki.

Luba ta san wannan ihun. Tana ƙarama aka yi wa uwarta Maimuna irinsa a garin Badafi, aka raka su da jifa har bayan gari. A nan ko mijinta bai sani ba. Zuciyarta ta ce ta wuce gida. Amma ta gyara goyon 'yarta Hajara, ta ratsa taron, ta rufe tsohuwar da mayafinta.

"Ku ji tsoron Allah! Zazzaɓi ne fa, ku nema wa yaron magani."

Hannayen da ke riƙe da duwatsu suka fara sauka. Tsohuwar ta ɗago, ta daɗe tana kallon fuskar Luba.

"'Yar Maimuna ce ke," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni na fara jifanta. Yafe mini, 'yar nan, ƙafafuna ba sa gudu."

Sai ta miƙe, ta nuna Luba da yatsa. "Jama'a, ga 'yar mayyar Badafi! A nono ake shan maita!"

Idanu suka bar tsohuwar, suka koma kan goyon. Luba ta ƙara ɗaure zaninta tamau, yadda ta ga uwarta ta yi a waccan ranar.