Bangon da Siminti Ya Cinye

"Wane sakarai ne ya liƙe bangon nan da siminti?" in ji maginin da hukuma ta turo duba gidan tarihin. Ya murza dutse, ya zube kamar gari. Shekara ɗari uku farar ƙasa na barin duwatsun su sha iska. Siminti ya toshe su, danshi ya ci su ta ciki.

"Wani saurayi ne, shekara arba'in baya," in ji tsohuwar da ke ƙaramin gidan gefe. "Ya rantse min ya fi ƙarko."

Ta miƙo masa shayi. "Har yanzu cokali uku na sukari, ko, ɗana?"

Ya sunkuyar da furfurarsa. Ashe ba ta manta fuskarsa ba.