Mai Kiwon Zabi da Maƙesu a Kwalba

Ga misalin wani mai kiwon zabi da gidansa ke bakin fadama. A ƙarshen damina kajinsa suka ƙyanƙyashe masa ƙwan zabi, tsaki cike da akurki, kuma a kansu ya ɗora begensa na shekara. Tsakin zabo kuwa ba ya shiri da sanyi, dare ɗaya ya isa ya kwashe su. Maƙwabciyarsa wata dattijuwa ce, ita ma mai kiwon zabi, da ba ta cika yin asarar ko ɗaya ba. Ya lura kullum da magariba takan dogara sanda ta gangara fadama, ta ɗan tsaya, ta dawo. Da ya tambaye ta, ta ce maƙesu take dubawa, ƙwaron nan mai ƙyalla wuta a ciyawa. In yana ƙyallawa da sauri, daren da ɗumi. In ya yi nawa, kamar mai gyangyaɗi, sanyi na tafe, sai ta rufe akurki da buhu, ta ajiye kaskon garwashi kusa. Ta buɗe baki za ta ƙara bayani, shi kuwa har ya kai ƙofa yana godiya.

Mutumin naka akwai wayo, ga ƙyuyar tafiya. Ya ce ina dalilin taka raɓa kullum? Ya kamo maƙesu ya zuba a kwalba, ya huda murfin, ya rataye a ɗakin girki inda yake cin tuwo. Da magariba ya ɗaga kai, ya ga ƙwarin suna ta walƙiya ba ƙaƙƙautawa, ya yi murna ya bar akurki a buɗe. Ƙwarin ba su yi masa ƙarya ba, ɗumin murhu suka ji, shi suka faɗa. A fadama kuwa 'yan'uwansu da ƙyar suke ƙiftawa, dattijuwa tuni ta hura garwashinta. Da safe ya tarar da tsakinsa sun taru a lungu guda, sun sandare. Ya tsuguna yana juya su da yatsa, sannan ya je ya sauko da kwalbar yana dubanta. Dattijuwa ta leƙo ta kan danga, ta ga kwalbar a hannunsa, tausayinsa ya kama ta.

Ta ce, "Ɗana, ai ƙwaron labarin inda yake kaɗai yake bayarwa. Shi zan gaya maka ran nan ka tafi."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.