Sunan Ɗan Fari

Shekara tara ke nan da aka hana ɗan Adam karanta komai a rediyo, wai bakin mutum ba ya rasa son kai. Na'ura ke karantawa, da muryar Hajiya Turai da aka naɗa kafin a sallame ta.

Da ɗanta na fari ya rasu, ita da kanta ta kai sanarwar addu'ar bakwai tsohon wurin aikinta.

"'Yar nan, a ba wata murya ta karanta," ta ce wa mai karɓar sanarwa. "Ɗan fari ne. Tunda na haife shi, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba."

"Allah ya jiƙansa, Mama. Amma murya ɗaya hukuma ta amince da ita."

"To a tsallake sunan."

"Ba ta tsallake komai."

Da la'asar tana zaune cikin 'yan gaisuwa, rediyon maƙwabta ya ɗauka. Mata suka sunkuyar da kai. Sunan da ta yi shekara arba'in tana jin nauyinsa, muryarta ta rangaɗa shi sau uku, ko gezau, sannan ta wuce tallan sabulu.