Ɗumi a Cikin Taki

Tarin takin ya jiƙe sharkaf, alhali ba a yi ko yayyafi ba.

Matar direba ta tsaya a lambun bayan gida tana kallonsa. Tun da aka daina ganin mijinta tarin nan ya ƙeƙashe, ya zama kamar tsohuwar katifa, ko ƙuda ba ya sauka a kansa. Yanzu ga shi an juya shi, an jera ɗanyen ganye da ɓawon ayaba hawa-hawa, an lulluɓe da buhu. Siririn tururi yana tashi daga gefe.

Ta ɗauki manjagara ta hau jawo busasshen ganye tana rufewa. Wani faffaɗan sawu da ke kusa da famfo ta goge shi da ƙafa. Ba ta gama ba aka buga ƙofa.

Sufeton 'yan sanda ne, mai binciken ɓatan mijin. A bayansa ga manajan kamfanin da mijin yake tuƙa wa babbar mota. Manajan nan ba ya fashin zuwa jaje. Kullum da ledar 'ya'yan itace a hannu, kullum da tambaya ɗaya: ko maigida ya faɗi wani abu game da tafiyarsa ta ƙarshe?

"Malama, maƙwabciyarki ta ce tana jin ƙarar shebur a nan kafin gari ya waye," in ji sufeto. "Za mu ɗan leƙa."

Ta bi da su ta gefen gida, ba ta cikin ɗaki ba.

Sufeto ya yaye buhun, ya cusa hannu cikin takin, ya zaro da sauri. "Da ɗumi. Wa ya tayar da shi?"

"Ni ce."

Ya dubi hannayenta. Hannun mai ɗinki ne, sumul, ban da tabon allura a ɗan yatsa.

Manaja bai dubi hannunta ba. Ya tsuguna yana nazarin gindin tarin, inda aka giccia ƙananan itatuwa don iska ta riƙa shiga.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Haka mijinki yake shirya nasa a bayan garejinmu. Har tsokanarsa muke, muna cewa ya fi son taki a kan matarsa." Ya miƙe, ya juya yana kallon tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya. Labulen kowace a sake yake. "Ke da ko barkono ba ki taɓa shukawa ba, yaushe kika koya?"

Manaja ya taka zuwa ƙofar kicin, ya ɗora hannu a kan mariƙi.

Sai ta yi tsalle ta tare gaban tarin takin, ta ware hannuwa.

"Kada ku tona! Don Allah, kome za ku yi ku yi, amma kada ku tona nan!"

Sufeto ya kafe ta da ido. Manaja ya saki mariƙin ƙofa, ya dawo a hankali.

"Matsa, Malama," in ji sufeto.

Ya tuɓe rigarsa ta sama, ya ɗauki shebur. Kowane sara sai tururi ya taso da warin ƙasa mai danshi. Tsutsotsin ƙasa suka yi ta mutsu-mutsu a bakin shebur. Kan katanga ya cika da fuskokin maƙwabta. Wata ta ce, "Na faɗa muku, shiru-shirun nan ba na banza ba ne." Wata ta rafka salati, wani ya ruga ya sanar da uwar mijin.

Matar direba ta durƙusa, ta rufe fuska, tana leƙen manaja ta tsakanin yatsu. Ya matso har bakin ramin yana miƙa wuya. Ba ka ce jaje ya kawo shi ba. Fuskarsa irin ta mai jiran a sauke tukunya ce.

Shebur ya daki wani abu mai tauri. Sufeto ya tone da hannu, ya fito da guntun bulo, ya wurgar. Ya ci gaba har ya kai jar ƙasa wadda ba a taɓa haƙawa ba. Babu kome.

Ya share gumi. "Kin kwashe kafin mu zo ke nan. Kada ki bar gari. Zan dawo da karnuka, kuma ƙasa ba ta ɓoye gawa har abada."

Manaja ya girgiza kai. "Ashe maciji muke yi wa jaje," ya ce da ƙarfi, don na kan katanga su ji. Amma da ya juya zai fita, kafaɗunsa sun sauka, tafiyarsa ta yi sauƙi kamar an sauke masa kaya. Bai ƙara waiwayar tagogin ba.

Ta sa sakata. Tana jin uwar mijin daga bakin titi tana kuka tana tsine mata. Ta wuce ɗakin ɗinki, ta ja keke gefe, ta ture tulin yadudduka, ta buɗe ƙaramar ƙofar ɗakin ajiya.

"Sun tafi," ta ce. "Daga yau ni ce mai kisan kai a unguwar nan, har a wurin Inna. Na yarda, in dai manajan nan zai daina neman wanda ya ga abin da yake lodawa a motocinsa. Amma kai, a kan busasshen taki za ka kashe mu?"

Daga cikin duhu mijinta ya ɗago kai, ya tambaya a hankali, "Sun mayar masa da buhun?"