Ruwan da Ya Rufe Bakin Inji

Direban ya kasa zaune ya kasa tsaye a gareji. Injin motarsa na ƙwanƙwasa kamar ana daka a ciki, ga dillali na jiran ya kai ta a sayar.

"Malam, ruwan nan da ake ƙarawa a baƙin mai, yana aiki kuwa?"

Bakanike ya jujjuya kwalbar. "Kauri yake ƙara wa mai, ƙarar ta kwanta. Amma ciwon na nan. Ranar da ya tashi, a tsakiyar hanya zai ajiye mutum."

"Zuba."

Inji ya yi luf. Dillali ya sayar, direban bai ko tambayi wanda ya saya ba. Kullum yana gaya wa kansa ai kowa haka yake yi, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Ran nan sai ga motar a ƙofar gidansa. 'Yarsa ta fito daga motar da tsohon ciki, mijinta na murmushi.

"Baba, sa mana albarka. Mu muka saye ta. Mun ɓoye maka ne don kar ka rage mana kuɗi. Da muka ji taka ce, ko bakanike ba mu kira ba."